Makirufo, iska ko kyamara: wace hanya ta fi dacewa da ceton tsohon naɗin piyano?

A watan Nuwamba na 1905 mai tsara kiɗa Gustav Mahler ya zauna gaban piyano a birnin Leipzig na Jamus, ya kaɗa kiɗa huɗu daga cikin waɗanda ya tsara, na'urar kamfanin Welte tana bin motsin yatsunsa. Ya mutu a 1911 bai bar faifan garmaho ko ɗaya ba. Duk mai son sanin yadda hannun mutumin nan yake tafiya a kan maɓallai, madogararsa ke nan: naɗin takarda huɗu masu huje-huje. Wasu masu tsara kiɗa, Grieg da Saint-Saëns da Debussy, su ma sun yi wa Welte irin wannan aiki, Rachmaninoff ya yi wa Ampico, Gershwin ya yi wa Duo-Art, waɗanda wasu tsarin naɗi ne guda biyu. Yawancin takardun nan yanzu sun haura shekara ɗari, kuma da yawansu an yi su ne da niƙaƙƙen itace mai tsami wanda ke cin kansa da kansa, har takarda ta yi gautsi, ka lanƙwasa gefenta ta karye.

Wanda ya gaji akwatin irin waɗannan naɗe-naɗe, ko ma'aikacin laburare da aka danƙa wa ɗaki guda cike da su, tambaya ɗaya ce ke gabansa: ta yaya zan kwashe abin da ke ciki in zuba a kwamfuta kafin takardar ta gama lalacewa? Hanyoyin da mutane ke bi huɗu ne, kuma ba abu ɗaya suke cetowa ba. Kafin a auna su, sai an fahimci abin da ke cikin naɗin.

Babu sauti a cikinsa, umarni ne kawai ga piyano mai kaɗa kansa. Takardar tana warwarewa daga kwarkwaro na sama, ta bi ta kan wata sandar tagulla mai jerin ƙofofi, ta naɗu a kwarkwaro na ƙasa. A cikin piyanon ana zuƙe iska, ko da feda ko da injin lantarki. Muddin takarda ta toshe ƙofa, shiru ne. Da huji ya iso kanta sai iska ta shige, wani ɗan zugazugi ya matse, guduma ta bugi waya. Tun daga taron da masana'antu suka yi a Buffalo ta Amurka a 1908, yawancin naɗi faɗinsa inci 11 da kwata ne, ƙofofi 9 a kowane inci, amo 88. Amma kafin nan akwai mai amo 65, ƙofofi 6 a inci. Jan naɗin Welte, wato mai jar takarda, wanda aka fara a 1904, ya fi faɗi, kusan inci 13, da ƙofofi 100: guda 80 na kiɗa ne, 10 a kowane gefe kuma su ke gaya wa piyano inda zai buga da ƙarfi, inda zai sassauta, da inda zai taka feda. Duo-Art, wanda ya fito a 1914, yana da nasa tsarin, huji huɗu a kowane gefe da ke haɗuwa su ba da matakin ƙarfi 16. Ampico ma nasa daban.

A riƙe wannan, domin shi ne gishirin maganar: abin da ya sa naɗin Mahler ya zama na Mahler yana can a gefen takarda, kuma gefen ne ke fara yagewa.

Hanya ta farko ita ce wadda kowa ke fara tunani: a saka naɗin a piyano, a kunna, a ɗauki sauti da makirufo. Daɗinta a fili yake. Yau ka yi, yau ka ji, kuma abin da ka samu kowa zai iya saurara ba sai an yi masa bayani ba. Sai dai abin da ka ɗauka ba naɗin ba ne, lafiyar piyanon ce a wannan rana. In fatar zugazugi ta bushe tana yoyon iska, amo masu laushi za su ɓace, sai ka ɗora wa makaɗin laifin da ba nasa ba. In injin yana gudu fiye da ƙa'ida, Debussy zai zama mai gaggawa. Kuma kowane irin naɗi sai nasa piyano. Jan Welte ba ya ma shiga bakin Duo-Art. Shi ya sa da Jami'ar Stanford ta sayi tarin Denis Condon na birnin Sidni a 2014, naɗi sama da 7,500, ta haɗa har da na'urorin kiɗa goma. Wanda ba shi da ƙarfin irin wannan, ya riga ya san iyakarsa.

Babbar illar kuwa ita ce piyano ba shi da tausayi. Yana jan takarda da ƙarfin da aka tsara wa sabuwa, kuma lokacin mayar da naɗi baya gudunsa yana ninkuwa. A nan ne aka fi yin ɓarna: gefen da ya ɗan lanƙwashe ya gogi bakin kwarkwaro, ya tsage, tsagar ta bi takarda tsawon ƙafa biyu kafin hannu ya kai ga abin tsayarwa. A ganina wannan hanya ta shagali ce, a yi ta da naɗi mai ƙwari ko sabon kwafi. Ba a kiranta adanawa.

Hanya ta biyu ta fi wayo. A cire piyanon gaba ɗaya, a bar sandar tagulla da kwarkwaro da injin zuƙar iska, sannan a bayan kowace ƙofa a saka ɗan makunni da ke aika saƙo zuwa kwamfuta da zarar iska ta shigo. Abin da ke fita fayil ɗin MIDI ne, wato jerin umarni: amo kaza ya fara a daƙiƙa kaza, ya tsaya a daƙiƙa kaza. Peter Phillips na Ostireliya ya gina irin wannan na'ura, ya karanta dubban naɗe-naɗe da ita, har ya yi digirin digirgir a kan abin da suka ƙunsa.

Masu goyon bayan wannan hanya suna da hujja mai ƙarfi, kuma ya kamata a saurare su. Sun ce naɗi an yi shi ne don iska ta karanta, ba ido ba. Dubi dogon amo: masana'anta ba ta yanka shi a tsaga ɗaya doguwa, don takarda za ta rabe, sai ta huda shi ɗigo-ɗigo kamar sarƙa, da siraran gadoji a tsakani. Iska ba ta damu da gadojin ba, amo ɗaya take ji. Ita kanta ƙofar sanda tana da tsayi, saboda haka amo yana fara sauti tun bakin huji ya taɓo ta, bai kuma daina ba sai wutsiyarsa ta fice. Sannan ga kwarkwaron ƙasa da ke ƙara kauri yayin da takarda ke taruwa a kansa, abin da ke sa gudun takarda ya riƙa ƙaruwa a hankali daga farkon kiɗa zuwa ƙarshensa. Na'urar iska, in an gina ta da awo irin na piyanon asali, duk waɗannan a ɓagas take samunsu. Wanda ya ɗauki hoto kuwa sai ya zauna ya lissafa su ɗaya bayan ɗaya.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Har yanzu takardar tana gogar ƙarfe, iska na tsotsarta, ana janta da gudun kiɗa. In akwai tsaga, na'ura za ta karanta ta a matsayin amo, kuma babu yadda za a yi daga baya ka gane tsaga ce, domin ba ka da hoton da za ka koma ka duba. In takarda ta karkace ta zame daga layi, amo zai faɗa ƙofar maƙwabcinsa, haka zai zauna a fayil har abada. Sannan duk abin da aka buga da tawada ya tafi: layin da ke nuna wa mai taka feda inda zai ƙara ƙarfi, jan layin Metrostyle na kamfanin Aeolian da ke nuna saurin da makaɗi ya zaɓa, baitocin waƙa da ake bugawa a gefen naɗin nishaɗi, hatimin masana'anta, rubutun fensir na mai gyara. Abin ya yi kama da bambancin da ke tsakanin almajirin da ya kwafi tsohon littafin malaminsa da hannu da wanda ya ɗauki hoton kowane shafi. Mai kwafa ya ba ka karatu sumul, amma inda ya karanta ba daidai ba ya shige ciki, sharhin da ke gefe kuma ya bar shi a baya.

Hanya ta uku ita ce ta masu sha'awa, kuma su ne suka yi aikin da ya fi yawa tun kafin jami'o'i su farka. Suna amfani da doguwar sandar ido irin wadda ke cikin na'urar fakis ko sikanar ofis, su ɗora ta a kan katako, su sa fitila a ɗaya ɓangaren takarda. Inda akwai huji haske ya wuce, inda babu ya tsaya. Wata ƙaramar taya da ke birgima a kan takarda, ko injin da ke tafiya taki-taki, shi ke gaya wa kwamfuta nisan da aka ci. Kayan ba su da tsada, mai hannu a harkar lantarki zai iya haɗawa a gida, kuma dubban fayilolin MIDI na naɗin piyano da ke yawo a intanet daga irin wannan na'ura suka fito.

Ta fi na'urar iska sauƙi ga takarda, domin babu tsotsa kuma kai ke zaɓar gudu. Sanda ɗaya tana karanta kowane irin naɗi in dai faɗinta ya kai. Hoton da take bayarwa kuwa galibi baƙi da fari ne zalla, kowane ɗigo ko huji ne ko takarda. Fayil ƙarami, aiki da sauri. Matsalar ita ce na'urar ta riga ta yanke hukunci tun lokacin ɗauka. Wurin da takarda ta yi siriri har haske ya ratsa, ta ce huji ne. Hujin da wani ya liƙe da salatif shekara hamsin da suka wuce, ta ce takarda ce. Tawada kuma, sai in an ƙara fitila ta gaba an sake bi. Ga naɗin rawa da nishaɗi na amo 88 da aka buga dubbai, wannan ya wadatar, har ya yi yawa. Ga naɗin da ƙila shi kaɗai ya rage a duniya, ban yarda ba.

Hanya ta huɗu ita ce kyamara mai ɗaukar layi ɗaya-ɗaya. Ba hoton shafi take ɗauka ba. Siririn layi guda take kallo a faɗin takarda, takardar na wucewa a ƙarƙashinta a hankali, layukan na taruwa su zama hoto ɗaya mai tsawon naɗin. Da irin wannan Stanford ke aiki, ɗigo 300 a kowane inci, da launi, ana ajiye shi a tsarin TIFF ba tare da matsewar da ke zubar da bayani ba. A Suwizalan ma, gidan adana na'urorin kiɗa na Seewen ya yi aiki da masana na birnin Bern wajen ɗaukar naɗe-naɗen Welte na ogan, babbar na'urar kiɗa mai bututun iska irin ta coci, ta hanyar hoto.

Bari mu yi lissafi, don a ga nauyin abin. A ɗigo 300, kowane layin amo na naɗi mai ƙofofi 9 a inci yana samun ɗigo 33, wanda ya isa a ga siffar huji sarai, har da gashin takarda a bakinsa. Naɗi mai tsawon ƙafa 60 inci 720 ke nan, wato layi 216,000. In kowane layi ɗigo 4,000 ne, da launi uku, fayil ɗin ya haura gigabayit 2 da rabi. Naɗi ɗaya fa. Fayil ɗin MIDI na wannan kiɗa bai kai hoton da kake turawa a WhatsApp nauyi ba. Naɗi dubu irin wannan za su ci sama da terabayit biyu da rabi, kuma dole a ajiye kwafi fiye da ɗaya a wurare daban-daban. Ga kuɗin kyamara, ga fitila mai haske iri ɗaya daga gefe zuwa gefe, ga injin jan takarda da dole sai an ƙera shi musamman. Ba aikin mutum ɗaya ba ne a ɗakin kwanansa.

Kuma bayan duk wannan wahala, ba ka ji kiɗa ba tukuna. Hoto ne a hannunka. Sai manhaja ta nemo huje-hujen (ga jan naɗin Welte ana ware ɓangaren koren launi na hoton, don a nan jar takarda ta fi bambanta da huji), ta bi karkacewar takarda ta miƙar da layuka, ta haɗe sarƙoƙin ɗigo su zama amo ɗaya, ta ware tsaga da tabo, ta ƙara tsayin ƙofar sanda, ta lissafa ƙaruwar gudu. Sannan a zo ga mafi wuya, wato kwaikwayon yadda zugazugin ƙarfi ke cika da saki. A Welte ƙarfin bugu ba lamba ba ce da aka rubuta. Huji ɗaya yana cewa fara ƙaruwa a hankali, wani ya ce daina, wani ya ce ƙaru farat ɗaya, sakamakon kuma ya dogara da daƙiƙa nawa zugazugin ke ɗauka. Masana'antar Welte da ke Freiburg ta ƙone a ruwan bama-baman 1944, kuma kamfanin dama ya ɓoye yadda yake ɗaukar ƙarfin bugu. Saboda haka duk wanda ya fitar da sauti daga jan naɗi, da ɗan ijtihadinsa a ciki.

To me ya sa duk da haka nake fifita wannan hanya? Saboda ita kaɗai ce ke barin ƙofar gyara a buɗe. In bayan shekara goma wani ya gano cewa lissafin zugazugi ba daidai ba ne, ko gudun da aka zaɓa ya yi yawa, ba sai an sake taɓa takarda ba. A koma kan hoto a sake lissafi. Daga hoto ana fitar da MIDI, daga MIDI a kunna piyanon zamani irin Disklavier na Yamaha ko manhajar sauti, a kuma huda sabon naɗi a sabuwar takarda don masu tsohon piyano su more. Daga sautin makirufo ko MIDI na na'urar iska ba za ka iya komawa ga hoto ba.

Akwai ma abin da hoto mai kyau ke iya yi wanda ya wuce naɗin kansa. Injin huda na masana'anta ba ya tafiya sulu, taki-taki yake tura takarda, kowane taki ya buga jere ɗaya. Wayne Stahnke, injiniya ɗan Amurka, ya nuna cewa in awo ya yi kyau ana iya gano waɗannan taku, a mayar da kowane huji jeren da ya fito, ta haka a share kurakuran da miƙewa da tsukewar takarda suka jawo, a dawo da tsarin asali da aka huda kwafin daga gare shi. Da wannan dabara ya sake kunna naɗe-naɗen Ampico na Rachmaninoff a kan babban piyanon Bösendorfer mai kwamfuta, aka fitar da faifan a 1998.

Game da sikanar tebur ko kyamarar waya, a ɗauka gaɓa-gaɓa a haɗa: kuskuren ɗigo kaɗan a kowane haɗi yana zama tuntuɓe a kiɗa, kuma warware naɗi a kan tebur yana sa shi karyewa. Waya ta yi amfani wajen ɗaukar kwali da tambari da farkon naɗi, shi ke nan.

Zaɓin, a aikace, yana farawa ne da tantancewa, ba da sayen na'ura ba. Ɗauki lambar da ke jikin kwali da sunan kamfani ka bincika ko wani ya riga ya ɗauke shi. Kamfanin QRS ya yi ta buga naɗi a Buffalo har ƙarshen 2008, irin nasa sun cika ko'ina, ɓata kuɗi ne a kai su gaban kyamara mai tsada. Stanford ta buɗe rumbunta mai suna SUPRA kyauta a intanet, da hoto da MIDI da sauti, ta fara da jan Welte. In naka yana ciki kuma lafiyayye ne, ajiye shi da kyau kawai. In kana da ɗaruruwan naɗin nishaɗi masu ƙwari kuma burinka ka ji su, sandar ido ta gida ko wani mai na'urar iska ya ishe ka. Wanda za a ware a kai wa kyamara shi ne wanda ba a samu a ko'ina ba, da na ƙaramin kamfanin da ya daɗe da mutuwa, da mai rubutun hannu a jiki, da wanda aka huda da hannu kamar yadda mai tsara kiɗa Conlon Nancarrow ya riƙa yi a birnin Meziko, da kuma duk wanda ka ga alamar sau ɗaya kawai zai iya jure warwarewa. Irin wannan, warwarewar da ta rage masa kada a ɓata ta a piyano.

Kafin ɗauka kuma akwai gyara, a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ta'adi. Salatif na kanti yana rawaya, danƙonsa ya ratsa takarda, ya manne da zagayen da ke bayansa. Masu gyaran takarda siririyar takardar Japan suke amfani da ita da sitacin alkama, don in an so cirewa ana iya cirewa. Robar da ake ɗaure naɗi da ita tana narkewa ta liƙe, a cire ta. Gefen da ya naɗe a miƙar da shi a hankali, kada a yanke, domin huje-hujen ƙarfi suna nan kusa. Ajiya kuwa wuri mai sanyi, laima tsaka-tsaki, kimanin kashi 35 zuwa 50 cikin ɗari, kuma ba mai hawa da sauka ba: danshi yana kumbura takarda ya kawo fumfuna, bushewa tana tsuke ta har huji ya kauce wa ƙofarsa.

In za ka ba wani aikin, tambaye shi tun kafin ku yi ciniki ko zai ba ka ɗanyen hoton ko MIDI kawai, ɗigo nawa a inci, da launi ko babu, da kuma yadda injinsa ke mayar da naɗi baya. Ka sa ya ɗauki farkon takarda inda aka buga lambar gudu, domin 70 na nufin ƙafa 7 a minti, kuma in lambar ta ɓace sai dai a yi kirdado. Ka nemi fayil biyu na MIDI, ɗaya mai huje-hujen kamar yadda suke har da na gefe, ɗaya wanda aka riga aka fassara ƙarfinsa don saurare, tare da sunan manhajar da ta yi fassarar da gudun da aka zaɓa.